Ruwan Daɗi da Ruwan Kanwa

Shekarar da shanu suka mutu ina da aure, da ɗiya guda tana rarrafe. Nasara ba su iso ƙasarmu ba tukuna, ko labarinsu ba mu cika ji ba. Mu makiyaya ne tun kakanni. Da damina mukan yi arewa wajen Kelle, in rani ya yi mu gangaro kusa da Gure, inda ruwa ba shi da zurfi. A gida Barbarci muke yi, Hausa kuwa ta kasuwa ce da baƙi.

Ciwon daga gabas ya zo. Mun ji labarinsa kafin mu gan shi, muka ɗauka irin ƙarin da matafiya ke yi ne. Saniya sai ta daina tuƙa, idonta ya riƙa zubar da ruwa, bakinta ya yi miki, sannan zawo ya biyo. Kwana huɗu ko biyar ta kwanta, ba ta ƙara tashi. Mun yi jiƙo, mun karɓo rubutu, mun raba garke biyu mun gudu da rabi, duk a banza. Har barewa mukan tarar a mace cikin daji. Kafin wata damina ta zagayo, abin da ya rage mini awaki biyu ne da jaki.

Ubana ya riga ya rasu, ƴan'uwansa kowa ya kama gabansa. Ba ni da inda zan kai mata da jaririya sai gidan kawuna, wan uwata, a gefen garin Gure. Kawu mai garka ne, wato lambu. Gajere ne, baƙi, kullum da taba a kunci, kuma dugadugansa duk sun tsage saboda laka. Dangin ubana ba su taɓa ɗaukarsa da muhimmanci ba. In ya kawo mana albasa da dabino lokacin salla mukan karɓa mu ci, in ya juya baya a yi dariyar yadda yake tafiya a sunkuye. Ni ma na yi wannan dariyar tun ina ƙarami.

Ya ba mu ɗaki, bai tambaye ni komai ba.

Na yi kusan shekara a gidan nan ban ɗaga ko tsinke ba. Da safe sai in ɗauki sandata in tafi kasuwa, wurin da ake tsayar da shanu a da. Babu saniya ko ɗaya, sai mu, maza kamar goma da annoba ta tsiyata, muna zaune ƙarƙashin wata aduwa muna lissafa garkunan da suka wuce. Kowa ya faɗi jar saniyarsa mai nono, ko bijiminsa da ba ya yarda wani ya riga shi rijiya. In rana ta yi tsaka mu watse. Abin da na yarda da shi a lokacin shi ne, Allah ya raba wa kowane gida aikinsa, namu kiwo ne, tun da shanu sun tafi to ni sai jira. In aka nuna mini wani aiki, amsata guda ce: ba namu ba ne. Ban san ina faɗinta da yawa haka ba sai daga baya da mai ɗakina ta gaya mini.

Ita kuwa ba ta jira kowa ba. Ta jera ƙoren nononta a kusurwar ɗaki ta kife su, ta je wurin matar kawu ta koyi saƙar tabarma da kaba. Tabarminta na farko karkatattu ne, a gida aka yi shimfiɗa da su. Ta biyar aka saya a kasuwa. Da abin da take samu ake sayen gishiri da daddawa, ina gani ina kau da kai.

Wata rana cikin rani kawu ya faɗo daga dabino ya yi targaɗe a ƙafa. Da hantsi ya kira ni, yana zaune da ƙafar a miƙe.

"Ɗana, ruwan garin nan ba ya kashe mini ƙishi. Ɗauki jakinka da tulu biyu ka ɗebo mini na garka."

Ɗibar ruwa ba ta zubar da girman makiyayi, don haka na tafi. Garkar tana cikin wani kwari gabas da gari. Sai ka hau tudun rairayi har numfashinka ya yi sama, sannan ka ga ƙasa ta lotsa a gabanka kamar ƙatuwar ƙwarya. Goruba da dabino sun kewaye bakinta, fangalan da mutane ke shuka a ciki suna bi ƙarƙashinsu, tsakiya kuwa fari fat da kanwa, ba abin da ke tsira. Na sha ratsa irin waɗannan kwaruruka da shanu, amma ban taɓa tsayawa na dube su ba sai don in ga inda za a sha.

A garkar kawu na tarar da rijiya biyu, tsakaninsu bai wuce taku goma sha biyu ba. Na ja daga wadda ta fi kusa da inda na ɗaure jaki, na cika tuluna na koma. Kawu ya kurɓa, ya juya shi a baki, ya tofar a gefe.

"Wannan ai na raƙuma ne. Daga ta wajen tsakiya ka ja?"

"Ba duk ruwa ɗaya ba ne, Kawu? Rijiyoyin suna kallon juna."

"Ɗanɗana ka ji."

Na ɗanɗana. Yana da santsi a harshe da ɗaci a maƙogwaro. Na koma ina jin haushi, na ja daga ɗayar, na sha a guga tun kafin in zuba. Sanyi, daɗi, kamar ruwan sama. Na tsaya tsakanin rijiyoyin biyu ina duban wannan ina duban waccan. Na auna da ƙafata, na sake aunawa. Da na dawo gida na ajiye tulun na ce, "Kawu, me ya raba su?"

"Ban sani ba. Ubana ya haƙa su duka. Dā duka biyun masu daɗi ne, sai ɗaya ta juya."

"Ba ka taɓa nema ka sani ba?"

"Da wane lokaci? Albasa ba ta bari mutum ya zauna tunani." Ya gyara tabarsa a kunci ya dube ni. "Kai da kake da lokaci, je ka gano mana."

Ina jin ba'a yake yi. Amma washegari da na ɗauki sanda zan tafi gindin aduwa, sai na ga ƙafata ta yi gabas. Na ari dagin kawu, wato ƙarfen da yake haƙa da shi, na ce zan gyara wa jaki turke.

Abin da na riƙa yi ke nan kusan wata biyu. In haƙa ɗan rami mai faɗin hannu har ruwa ya tsatso, in jira ya kwanta, in ɗiba da ludayi in ɗanɗana. In mai daɗi ne in kafa karan gero a tsaye, in mai kanwa ne in kwantar da shi. Na fara daga garkar kawu na bi bakin kwarin ina zagayawa. Harshena ya tsage, cikina ya yi ta kuka. Matan da ke kwasar kanwa a tsakiya sukan daina aiki su dube ni, in mun haɗa ido su yi mini sannu da murya ƙasa-ƙasa, irin wadda ake yi wa mara lafiya. Magana ta kai gida cewa baƙin cikin shanu ya taɓa mini kai, wai kaburbura nake haƙa musu.

Mai ɗakina ta tare ni da yamma tana tsaga kaba. "Maigida, me kake nema a ƙasar nan?"

Na zauna na zana mata kwarin a rairayi da yatsa, na nuna mata inda karare ke tsaye da inda suke kwance. Na ce ruwan daɗi yana bin gindin tudu, kamar ruwan damina ne da rairayi ya shanye yake tsiyayowa a hankali, na kanwa kuma yana tsakiya. Sai dai layin da ya raba su ba miƙaƙƙe ba ne, yana shiga yana fita. Ta daɗe tana duban zanen. Ta ce, "Rabon da in ji ka yi magana mai tsawo haka ba a kan matacciyar saniya ba, tun muna Kelle."

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, bayan ɗan lokaci na fara sanin ɗanɗanon ruwa tun ban haƙa ba. Inda ciyawar tofa ta yi tsawo ta yi kore, ruwan daɗi na kusa. Inda wata gajeriyar ciyawa mai kaifi ta shimfiɗu, wadda shanu ke rububi saboda gishirinta, to kanwa ce a ƙasa. Ciyayin nan duk na san su tun ina bin ubana kiwo. Na san wadda ke sa nono da wadda ke kumbura ciki. Ban taɓa tunanin suna ba da labarin abin da ke ƙarƙashinsu ba. Na ɗauka duk abin da na sani ya mutu tare da garke, ashe yana nan, ban tambaye shi wani abu dabam ba ne kawai.

A arewacin kwarin akwai wani yanki da ba mai nomawa. Kowa ya ce matacciyar ƙasa ce, an taɓa haƙa rijiya can ta fito da ɗaci. Amma tofa ta cika wurin, kuma ramukana uku duk sun ba ni ruwan daɗi. Na gaya wa kawu. Ƙafarsa ta fara warkewa, ya dogara sanda ya zo ya duba, ya girgiza kai, amma ya nemo mini izini wurin mai kula da rabon ƙasar kwarin. Na yi kwana huɗu ina haƙa, yana zaune a tabarma yana nuna mini yadda ake tare rairayi da itacen goruba da ciyawa kada ya rufto. Ruwa ya fito tun ramin yana iya ƙirjina. Na ce bari in ƙara zurfi don kada ta ƙafe da bazara. Na ci karo da wani yumɓu mai tauri, shuɗi-shuɗi, na sa ƙarfi na fasa shi. Ruwa ya bulbulo da yawa har na yi murna. Da ya kwanta na ɗiba na kai baki.

Kanwa ce zalla.

Kawu ya naɗe tabarmarsa. Ni kuma na jefar da dagin na tafi gida. Kwana uku na koma gindin aduwa. Mutanen suka matsa mini wuri, wani ya ce, "Ka dawo ke nan? Ai dama haƙar ƙasa ba tamu ba ce." Maganata ce ya mayar mini, amma a bakinsa sai na ji ba ta yi mini daɗi ba. Suna hirar bijimai, ni kuwa hankalina yana kan abu guda: ƙananan ramukana daɗi, babbar rijiya a wuri ɗaya ɗaci. Me na yi a babbar da ban yi a ƙananan ba?

A rana ta uku, ana tsakiyar hira, amsar ta zo mini. A ƙananan ramuka ina tsayawa da zarar ruwa ya tsatso. Ban taɓa kaiwa ga yumɓun ba. Na tashi ba sallama na nufi gida, na tarar da kawu yana alwalar azahar.

"Kawu, rijiyar nan da ta juya, an taɓa ƙara mata zurfi?"

Ya tsaya da buta a hannu. "An taɓa. Wata shekarar fari ruwanta ya ja baya, ni da kaina na shiga na ƙara."

"Ka fasa wani yumɓu mai tauri?"

Ya ajiye butar a hankali. "Na fasa. Har dagina ya lanƙwashe." Ya shafa gemunsa. "Shekara talatin ina cewa wani ne ya yi mata baki. Har na daina gaisawa da maƙwabcina na garka a kan haka, ya mutu ba mu shirya ba. Ashe ni ne."

Ruwan daɗi yana kwance a sama, na kanwa a ƙasa, yumɓun ne ya raba su. Na sake haƙa wata rijiya ɗan sama da ta farko, na yi ta da faɗi, da dagi ya taɓa yumɓu na tsaya. Ruwanta ba shi da yawa, in ka ja guga ashirin sai ka jira ta taru, amma mai daɗi ne. Ranar juma'ar da ta biyo kawu ya ɗauki kwandon dabino ya kai wa ƴaƴan maƙwabcin nan nasa da ya rasu. Bai gaya mini abin da ya ce musu ba.

Ko a lokacin ban yarda na zama mai garka ba. Ina cewa ni ruwa kawai nake bincike. Mai ɗakina ce ta ce, "To ruwan na mene ne? Kallonsa za mu yi?" Da sanyi ya shigo ta karɓo irin albasa wurin matar kawu ta dasa fangali huɗu, ta ce in taimaka mata da ban ruwa tun da ita tana da goyo. Na riƙa shayar da su yadda na saba shayar da shanu: sau ɗaya, da rana tsaka, har su ƙoshi. Cikin kwana goma rabi suka kwanta. Kawu ya zo ya tsuguna, ya tumɓuke ɗaya ya nuna mini saiwar ta ruɓe. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, sannan ya nuna mini: kaɗan da sassafe, kaɗan da la'asar, kuma a tura yatsa cikin ƙasa a ji kafin a zuba. Na tambaye shi dalilin kowane abu. Wani ya sani, wani ya ce haka ya tarar. Waɗanda bai sani ba sai in ware fangali ɗaya in gwada dabam in gani. Da yawa hanyarsa ce daidai. Sau biyu ko uku tawa ta fi, kuma bai ji nauyin ɗauka ba.

A shekara ta biyu ina da albasa da barkono da ɗan fangalin alkama. A nan ne wani abokina ya zo, wanda muka yi kiwo tare tun muna yara, har kaciya rana ɗaya aka yi mana. Ya tarar da ni cikin laka har gwiwa. Da na hango shi yana gangarowa daga tudu, da rawaninsa da sandarsa a kafaɗa, ban san lokacin da na tura fartanya bayan wani kututture da ƙafa ba.

Muka gaisa muka zauna a inuwa. Ya ce wani attajiri wajen Bune ya sayo shanu daga arewa, inda ciwon bai kai sosai ba, yana neman makiyaya biyu. In mutum ya yi shekaru yana kiwo za a ba shi maruƙa nasa. "Na ce ina da ɗan'uwa. Tashi ka wanke ƙafarka mu tafi. Wannan ba wurinka ba ne."

Abin da na yi shekara ina jira ke nan. Ina sauraronsa, ina jin ƙamshin garke a jikin rigarsa, har ƙwalla ta taru mini. Amma yana cikin magana sai na kama kaina ina leƙen fangalin alkama ta bayan kafaɗarsa. Rabinsa na zuba masa kashin awaki, rabi ban zuba ba, kuma saura kwanaki kaɗan ta fitar da kai. Ina so in ga bambancin. Na ce ya ba ni zuwa gobe.

Da na koma gida mai ɗakina tana daka. Ashe ta kawo mini fura ta hango mu, ta juya. Ba ta daina dakan ba ta ce, "Na ga ka ɓoye fartanya."

Ta tsayar da taɓarya ta dube ni.

"In za ka tafi, mu tafi, ni ma ina kewar nono. In za ka zauna, mu zauna. Amma kada ka zauna kana jin kunyar abin da muke ci."

Na kwana da maganar. Da safe na je masaukin abokina da fartanyar a kafaɗa, na ratsa ta gaban aduwar nan da gangan, na gaishe da mutanen da ke zaune. Na ce wa abokina ba zan je ba. Ya tambaye ni dalili, na rasa yadda zan faɗa, sai na ce akwai abubuwan da ban gama ganewa ba a kwarin. Ya dube ni kamar yadda matan kanwa suka taɓa dubana, ya yi mini addu'a, ya tafi.

Ba zan ce ban yi nadama ba ko sau ɗaya. Shekarar da fara ta sauka ta cinye komai cikin yini guda, na zauna a bakin rijiya na ce da na sani. Amma ban ƙara komawa zaman jira ba. Bayan shekara huɗu na kai albasa da alkama kasuwa na dawo da karsana, ƴar ƙarama mai farin goshi. Mai ɗakina ta fito ta riƙe wuyanta tana kuka tana dariya. Na ɗaure ta a bakin garka, kashinta ya shiga fangali, ganyen wake ya shiga cikinta. Ubana da kawu ba su taɓa zama inuwa ɗaya sun yi shawara ba, ga shi aikinsu ya haɗu a hannuna, kowanne yana ciyar da ɗayan.

Kawu ya rayu har ya koya mini aikin dabino: yadda ake hawa a yanko furen namiji a sa cikin na mace a ɗaure, da yadda ake cire ƴaƴan da ke fitowa a gindin uwa a dasa. Ya rasu da kaka, bayan an sauke dabinon shekarar.

Abokina ya dawo a rani na bakwai da shanu tara nasa na kansa, ya yi baƙi ya rame, amma yana cikin farin ciki. Shi ma hanyarsa ta kai shi. Ya sauka a bakin kwarinmu, shanunsa suna kwana a fangalaina da na girbe, ni kuma ina ba shi albasa da ruwa. Wata la'asar ya tarar da ni tsugune gaban wasu ƙananan dabino da na shuka daga ƙwallo, ina juya ganyensu ɗaya bayan ɗaya. Ya tambaye ni abin da nake dubawa. Na ce wanda aka shuka daga ƙwallo ba a sanin namiji ne ko mace sai ya yi fure, bayan shekaru, kuma ina neman wata alama da za ta nuna tun yana ƙarami.

"Ka samu?"

"Ban samu ba tukuna."

"A maraƙi dai ɗaga wutsiya ake yi," in ji shi. Muka yi dariya. Sai ya jingine sandarsa, ya tattare rigarsa ya tsuguna kusa da ni. Ya kama ganye ɗaya ya shafa ƙayarsa da babban yatsa, ya matsa ga na gaba ya shafa. Ya ce ƙayar wannan ta fi kauri, ko na lura? Ban lura ba. Muka ɗaura wa masu kaurin ƙaya zaren kaba don mu gane su in sun girma, muka bi layin tare har aka kira magariba.